Ranar da Ceu Ipah Ta Faɗi Jarrabawa

Ceu Ipah, wato Yaya Ipah a yarenmu, ba ta iya barcin rana a kwance. A zaune take yi, ta jingina da ginshiƙin baranda, ƙafafu a miƙe a kan tabarma, baki a ɗan buɗe. Haka nake tarar da ita kullum in na tashi daga suyar ayaba da rogo a bakin titi. Ba na tashinta. Nakan ajiye tirena in zauna, in kalli zafi yana rawa a kan gonakin shinkafa, agwagin maƙwabcinmu Mang Uju suna bin rafi a jere kamar an aike su. Can sai ta buɗe ido, ta dube ni kamar daga nesa ta taho.

"Onah, yanzun nan muna ɗakin kaɗi. Abin yana ta zubowa."

"Allah ya tsine wa ɗakin kaɗi," in ce da ita. "Ke ko mafarki ba ki iya zaɓa ba?"

Sai ta yi murmushi, ta tsaya ta nemo numfashi, sannan ta ce ai da kyau yake. Abin haushin kuwa, gaskiyarta ce, da kyau yake. Muna 'yan mata muka shiga masana'antar nan da ke gefen garinmu, kusa da Karawang, inda ake kaɗa asbes ya zama zare, a saƙa igiya da ƙyallen da wuta ba ta ci. Dutse ne fa, amma in an buɗe buhu sai ki rantse audugar rimi ce. Da hantsi rana takan shigo ta hujin rufi, sai ka ga farin abin yana yawo cikin hasken a hankali, ba ya sauri, ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Yakan sauka mana a gira da gashin kai, mu riƙa duƙawa muna dafa ƙugu muna ce wa juna Nini, wato kaka, muna shashanci. Duk ranar Juma'a a ba kowa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Ipah ba ta taɓa shan tata ba, 'yarta Wiwin take kai wa.

Ni bakina ne ya cece ni. Na zagi shugaban aiki tas a gaban mutane, aka mayar da ni ɗakin ɗaure kaya, can inda ƙurar ba ta da yawa, wai an hukunta ni. Ipah kuwa mai haƙuri, mai "to" da "na gode", ta yi shekara ashirin da ɗoriya a gaban inji, har ranar da aka rufe masana'antar. Sai da aka daɗe da rufewa tarin ya zo, busasshe, ba majina, kuma bai sake tafiya ba.

A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗaga hoton ƙirjinta sama, aka ce flek. Mu nan in an ce mutum yana da flek, an gama magana: tarin nan ne mai kama mutane, sai dai an saka masa suna mai laushi don kada a ji kunya. Aka ɗora ta a kan ƙwayoyin da ke mayar da fitsari ja. Da hannunta ta ware kofinta da farantinta, ta ɗaura wa cokalinta jan zare. A cikin watannin nan ne Wiwin ta haihu a gidan surukanta, can tsallaken gona, aka sami mace, aka sa mata Wulan.

Uwar mijin Wiwin, Bu Haji, wato Hajiya, ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta, ko da yake ba na son yadda take tafiya. Cewa ta yi, a yi haƙuri, jinjiri ne, a bari sai Ipah ta warke. Ipah ce ma ta fara gyaɗa kai. Ranar suna a waje ta tsaya, ƙarƙashin bishiyar gwaiba, Wiwin ta ɗago jaririyar ta bayan gilashin taga. Daga nan abin ya zame mata aiki. Da la'asar sai ta bi kunyar gona, ta yi taku kaɗan ta tsaya, ta yi kaɗan ta tsaya, har ta isa tagar nan, ta yi ta wasa da yatsu a jikin gilashi. Magani ya ƙare, tari yana nan. Aka sake ɗora ta a kan wani, shi ma ya ƙare, tari yana nan. Wulan ta fara zama, ta fara rarrafe, kakarta ba ta san nauyinta ba, ba ta san ƙamshin kanta ba. Wannan abin ya fi tarin cin Ipah, ni shaida ce, don a kafaɗata take kukan.

Sai ga Kang Tatang, wato Yaya Tatang, a kan babur. Shi ne mai gyaran wutar lantarki a masana'antar da, yanzu kuma yana ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ga jaka a rataye, ga waya biyu, ga surutu kamar rediyo. Ya sha shayi ba sukari, ya cinye mini ayaba ba tare da ya tambayi kuɗinta ba, sannan ya buɗe baki.

"Ceu, ni ban yarda flek ba ce. Ƙurar nan ce ta yi miki tabo a huhu. Mutum nawa na gani haka! In aiki ne ya jawo wa mutum ciwo, yana da haƙƙi, a biya shi diyya, a ɗauke masa magani. Ba roƙo ba ne, naki ne. Amma sai likitar huhu ta tabbatar, akwai wata a birnin Bandung da ta san abin."

"Allura za ta yi mini?"

"Ina! Za a sake hoto, babba, a duba yawu. Daga baya ki koma a yi miki 'yar jarrabawa. Bututu za a ba ki ki hura, a ga ƙarfin huhun."

Ipah ta gyara zama. "To in na ci jarrabawar fa, Kang?"

Shi kuma gogan naka idonsa yana kan waya. "In kin ci ai shi ke nan, lafiyarki ƙalau, sai mu haƙura da diyya."

Na ga idonta ya yi haske a lokacin, amma na ɗauka maganar diyyar ce ta yi mata daɗi. Ni ai abin da ke raina ke nan. Ina hango mata tukunyar iskar nan ta asibiti a gefen gado, ina hango ta daina wanke wa mutane kaya tana haki a kan baho. Kuma wallahi ina son mutanen da suka ba mu madara su ji a jikinsu.

Mun je an yi hoton, mun dawo. Ana saura kwanaki mu koma, na zo da rana ban same ta a baranda ba. Hayaƙi na gani yana tashi daga bayan gida. Matar da ke da murhun gas! Na leƙa, sai ga ta tsugune gaban tsohon murhun ƙasa na uwarta, ta tono songsong, gorar da ake hura wuta da ita, wadda ta yi baƙi tun zamanin kakanni. Ta ja numfashi har kafaɗunta suka ɗaga, ta hura. Garwashin ya ɗan yi ja kamar ya ji kunya, ya koma. Ta yi tari har ta dafa ƙasa, ta sake ɗaukar gorar.

"Ceu! Me nake gani haka? Kashe kanki za ki yi?"

"Koyo nake. Jiya ma har harshen wuta ya tashi."

"Koyon me, don Allah?"

"Jarrabawar mana. Ba kin ji Kang Tatang ba? In na ci, lafiyata ƙalau. In likitar Bandung da kanta ta ce lafiyata ƙalau, Bu Haji ta isa ta ce a'a?"

Na riƙe baki. Daga nan kuma na sake shi. Na ce mata wannan wauta ko akuya ba za ta yi ba, ana neman a nuna ba ki da lafiya ke kina neman ki nuna kina da ita, mutum ya yi shekara ashirin yana haɗiyar dutse sannan ya je ya ce wa likita bai ci komai ba? Na ce diyyar nan jininki ce. Ta bar ni na gama, tana juya gorar a hannu.

"Onah, ke kin ɗauki Wulan. Sau nawa kin ɗauke ta. Gaya mini, tana da nauyi?"

Na kawar da kai.

"To ki bar ni in hura wutata."

Na fizge gorar na tafi da ita gida don haushi. Washegari na tarar ta yanke wata daga gorar da ta tokare shanya.

Ranar tafiya ta fito cikin rigarta ta zuwa biki, mai ruwan ganyen ayaba, ta shafa hoda, ta sa jan-baki. Ipah da jan-baki! Rabon da in ga haka tun auren Wiwin. Sai da muka zauna a mota na gane, duhun da leɓɓanta suka yi take ɓoyewa. Yatsunta ma, da kawunansu suka kumbura kamar muciya, ta cusa su cikin gyale.

Motar tana hawa, hazon safiya yana kwance a kan tuddai, itatuwa suna fitowa daga cikinsa su sake nutsewa. Kang Tatang yana gaba yana yi wa direba bayanin doka. Ipah ta jingina kai da gilashi, ido rabi a rufe, tana magana ƙasa-ƙasa, ban san ko da ni take ba. Wai ta ga kanta a tsaye a bakin gona da songsong a hannu. Ta hura sau ɗaya, shinkafa duk ta sunkuya, tun daga rafi har gindin dutse, fararen balbelu suka tashi. Iskar ta wuce ta buɗe tagar gidan Bu Haji, labule ya yi sama. Wai kuma numfashin bai ƙare ba, tana ta hurawa, tana ta hurawa, ba ta gaji ba. Na gyara mata gyale, na ce ta yi barcinta.

A asibiti ta ƙi yarda mu shiga da isowarmu. Sai da ta zauna a kan benci hakin matakala ya kwanta, ta goge zufa, ta ƙara hoda. Kang Tatang ya duƙo yana mata huɗuba: "Ceu, ki faɗi komai fa. Hakin, tarin, rashin barcin. Kada ki rage ko ɗaya." Ta ce masa to, irin "to" ɗinta da na sani.

Likitar mace ce siririya mai furfura a gaban goshi, ba ta da gaggawa. Ta ce Ipah ta zauna, ni na tsaya a bayanta.

"Ibu, ya jikin?" in ji likitar, wato Mama.

"Alhamdulillahi, Bu Dokter, da sauƙi sosai."

"Kina haki in kin yi tafiya?"

"A'a, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba. Tsufa ne."

"Ƙarya take!" Ban san lokacin da ya fito ba. "Bu Dokter, daga ɗaki zuwa rijiya sai ta huta. A zaune take barci. Jan-bakin nan ma na aro ne!"

Ipah ta waiwayo ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba tun muna yara. Likitar kuwa hannu ta miƙa ta zaro yatsun daga cikin gyale, ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora abin sauraro a bayan Ipah, can ƙasa, ta daɗe tana ji. Sai ta yafito ni, ta sa mini a kunne. Duk jan numfashi sai wata 'yar ƙara ta biyo, ƙas-ƙas-ƙas, siririya, kamar ana murza gashi kusa da kunne. Na cire abin da sauri.

Aka kawo bututun, aka matse mata hanci da wani ɗan maƙali. Ipah ta miƙe zaune, ta yi bisimilla, ta ja iska har jijiyoyin wuyanta suka fito, ta hura. Wallahi duk abin da Allah ya bar mata ta zuba a bututun nan. Kafin ka ce kwabo ya ƙare. Aka sake, aka kuma sakewa. Likitar ta kalli allon injin, ta ce ya isa.

"Bu Dokter, na ci?"

Likitar ta girgiza kai.

"A bar ni in sake, don girman Allah. A gida na fi haka, tambayi Onah, har wuta nake tayarwa. Motar ce ta gajiyar da ni. Sau ɗaya kawai." Hawaye suka wanke hodar, suka bar layi biyu a kumatunta.

Likitar ta jawo kujera ta zauna dab da ita. "Ibu, mutane suna zuwa nan suna tsoron kada su hura da ƙarfi su rasa diyya. Ke me ya sa kike son ki ci?"

Ni na amsa a madadin Ipah. Na faɗi flek, na faɗi cokali mai jan zare, na faɗi taga da bishiyar gwaiba, na faɗi Wulan. Likitar ta runtse ido ta daɗe, kamar mai jin ciwon kai.

"Ibu, saurare ni da kyau. Na duba hoton, na duba yawun. Ba flek ba ce, ban ga alamar kin taɓa yin ta ba. Ƙurar asbes ce ta yi miki tabo, huhun ya taurare, shi ya sa ba ya ɗaukar iska. Zan tabbatar aiki ne ya jawo, ƙungiyarku ta nema miki haƙƙinki. Amma ba zan ɓoye miki ba, wannan ba ya warkewa. A hankali zai riƙa ƙaruwa, mu dai za mu sauƙaƙa miki."

Na dafa bango. Ipah kuwa ko gezau.

"Yana kama mutane?"

"Ba ya kama kowa."

"Ko jinjiri?"

"Ko jinjiri. Ko a bakinta kika yi tari."

"Tun farko?"

"Tun farko, Ibu."

Ipah ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, dariyar ta koma tari, tarin ya koma dariya. Ta laluba jaka ta zaro wayarta mai tsagaggen gilashi, ta kira Wiwin, ta tura wa likitar. "Ki gaya wa Wiwin da bakinki. Ki ce ta ba Bu Haji ma ta ji." Likitar ta karɓa, ta yi musu bayani dalla-dalla, har da wanda Ipah ba ta damu da a faɗa ba.

Muna fitowa Kang Tatang ya taso. Da ya ji, ya daki tafin hannunsa. "Mun ci! Ceu, mun ci!"

"Faɗuwa na yi, Kang," in ji Ipah, tana gyara gyale. "Mu je, kada mota ta tafi."

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka isa gidan Bu Haji. Hadari ya taru can wajen dutse bai sauko ba, hasken ya yi rawaya, komai ya yi tsit kamar garin yana gyangyaɗi. Ƙafar Ipah ta saba, sai ta nufi taga. Ni na jawo ta na kai ta ƙofa. Bu Haji da kanta ta shimfiɗa tabarma, ta kawo shayi a kofin gidan, tana ta sunkuyar da kai tana cewa a yafe mata, ba ta sani ba. Wiwin ta fito da yarinyar a kafaɗa, idanunta sun kumbura sun yi ja.

"Ema," ta kira uwarta, muryarta ta karye.

"Miƙo ta."

Aka ɗora mata Wulan a cinya. Yarinyar ta ɗaga kai ta kalli fuskar nan da ta saba gani ta bayan gilashi, yau ga ta kusa, ga layin hawaye a hoda, ga jan-baki ya dame. Sai ta taɓe baki ta tsala ihu, tana miƙa hannu wajen uwarta. Ƙiwa! Ni wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba, na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Ipah ta buɗe baki za ta yi mata waƙar rarrashi, kalma biyu ta fitar iskar ta yanke. Ta sake gwadawa, ta sake yankewa. Sai kawai ta rungume ta a ƙirji, ta jingina da bango.

Yarinyar ta yi ta zillo, can sai kunnenta ya kwanta a ƙirjin kakarta. Kukan ya tsaya cak. Ta zaro ido, tana saurare. Ipah ta ja numfashi, yarinyar ta ƙara lafewa, ta kama wuyan rigar da hannu ɗaya. Ni na san abin da take ji a ciki, na ji shi da kunnena ɗazu. Ita kuwa ta sami abin wasa. A hankali idanunta suka fara lumshewa, hannun ya saki, ta yi barci.

Ipah ta sunkuyar da hanci cikin gashin yarinyar ta daɗe a haka. "Onah," ta ce da raɗa, "ashe tana da nauyi."

Nauyin kuwa a kan ƙirjin yake. Muna kallo numfashinta yana gajarcewa, kafaɗunta suna ɗagawa suna sauka, zufa ta tsattsafo mata a goshi. Wiwin ta durƙusa a gabanta, ta miƙa hannu biyu.

"Ema, kawo ta ki ɗan sha iska. Kin ji abin da likita ta ce."

"Na ji."

"To kawo ta, in kin huta sai in mayar miki."

Ipah ta ƙara zagaye yarinyar da hannu, ta girgiza kai. Sai da ta tsaya ta tattaro iskar da za ta yi maganar da ita.

"Yi a hankali, za ki tashe ta. Bar mini ita. Numfashin ya jira."